Gida Biyu Maganin Gobara: Yadda Mai Sana'a Ke Tsare Jarinta

Kaka ta yi, amfanin gona ya shigo kasuwa, kuma kowace ƙungiya ta san abin da ke biyo baya: ranar zubi hannuwa sun yi yawa wajen neman rance. Wannan tana son sayen wake ta ajiye, waccan gyaɗa za ta saya ta yi mai da ƙuli-ƙuli, wata kuma ɗan rago take hange don turka. Neman na kai abin yabo ne. Amma kuɗin da ke fita daga cikin akwatin nan gumin mata ashirin da biyar ne ko talatin, kuma a cikinsu akwai wadda sai da ta hana kanta kuɗin sabulu kafin ta cika zubin mako. In jarin mace ɗaya ya nutse, rabon ƙarshen shekara na kowa ne ke raguwa, zumunci kuma ya yi tsami.

Mun sha gani: mata biyu su ɗauki rance iri ɗaya a rana ɗaya, su shiga kasuwa ɗaya. Bayan wata uku ɗaya ta biya har ta ƙara jari, ɗayar kuwa sai ta saida akuyarta ta cike gurbi. Sai mu ce rabo ne. Gaskiya ne arziki na Allah ne, amma in aka bi sawu, sau da yawa za a tarar ta farko ta yi lissafi kafin ta saro kaya, ta kuma riƙe ƙa'idar da ta sa wa kanta. Ta biyun kuwa zuciya ta bi da maganar mutane.

Tun 1991 aka kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara na farko a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, yau kuma tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta. Mi ya riƙe shi shekaru sama da talatin? Ƙa'ida ce. Zubi ranarsa, tara ga wadda ta makara, makullai a hannun mata daban-daban, ƙirga kuɗi gaban kowa. Abin mamaki, macen da ba ta taɓa fashin zubi ba, ita ce in ta koma kan tirenta sai ta saki duk wannan horo. To wannan horon da muka iya a ƙungiya, shi muke so mu kai cikin sana'a.

Lissafi kafin sari

Bari mu ɗauki misali, kuɗin na kwatance ne, kowace ta sa farashin garinsu. Kin ɗauki rancen jikka 50. A ƙungiyoyi da yawa ƙarin da ake biya kashi 10 cikin 100 ne a wata, wato jikka 5 kowane wata, wata uku jikka 15 ke nan. Kin sayi wake buhu biyu a kan jikka 25 kowane. Mota da ƴan dako sun ci jikka 2, buhunan ajiya jikka 3. In kin haɗa duka, waken nan ya tsaya miki jikka 70, wato kowane buhu jikka 35. Ma'ana sai farashi ya tashi daga 25 zuwa 35 kafin ki maida kuɗinki kawai, ba a ma zo zancen riba ba. In kin saida a 32 kina murna kin ci jikka 7 a buhu, alhali faɗuwa kika yi ta jikka 3.

Akwai kuma abin da ya fi wannan cuta. Rancen ƙungiya gajere ne, wata ɗaya zuwa uku. Tsadar hatsi da wake kuwa takan zo ne can cikin bazara zuwa tsakiyar damina, wata shida ko bakwai bayan kaka. Ranar biya ta zo, farashi bai motsa ba, dole ki kwance buhu ki saida yadda ƴan awo suka ga dama. Don haka ki auna tsawon rance da tsawon sana'a. Kuɗin rance ya fi dacewa da abin da ke juyawa cikin kwanaki: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tuyar ƙosai da awara, fura, kayan miya, sabulu. Ajiya ta wata shida kuwa da kuɗin kanki ake yin ta, irin na rabon ƙarshen shekara, ko ta tsarin warantaji inda akwai shi, wanda ake kulle amfanin gona a mangaza a ba ku rance a kansa har farashi ya tashi.

Kuma ki riƙa sa ladan wahalarki cikin lissafi. Mai ƙuli-ƙuli da ta wuni tana suya da matsa, in ba ta ƙirga itace da kuɗin niƙa da kuɗin ruwan ga-ruwa ba, tana iya yin shekara tana aikin banza tana cewa ciniki na tafiya.

Jari daban, kuɗin gida daban

Ɓarawo da gobara ba su cika kashe jarin mata ba kamar yadda ɗiba kaɗan-kaɗan ke kashe shi. Yau dala ashirin na magi, gobe kuɗin karin yara za su lakkol, jibi anko na bukin ƴar maƙwabciya, gata gudummawar suna. Babu wanda ya yi kama da ɓarna a cikinsu, amma ranar sari sai ki ga kuɗin buhu ya koma na tiya goma.

Dubarar mai sauƙi ce, riƙe ta ne ke da wuya. Ki samu ma'aji uku, ko gwangwani ne ko ƙullin zane. Na farko uwar kuɗi, ba a taɓa ta sai ranar sari. Na biyu kuɗin biyan rance da zubi, kullum in an tashi ciniki ki jefa rabonsa, kada ki jira daren taro ki fara zagayen neman aro. Na uku shi ne naki, daga riba, shi za ki ci, ki yi buki, ki yi wa ɗiya. In na ukun ya ƙare, to buki ya jira. Wadda ta je buki da tsohon zane mako ɗaya za a yi ana maganarta, wadda ta cinye jarinta kuwa shekara za ta yi tana jinya.

Sai maganar maigida, wadda kowa ta san ta amma ba a son faɗa. “Ba ni aron jikka biyar, ran kasuwa in maido.” Taimakon juna a gida alheri ne, kuma akwai mazan da ke mayarwa. Amma a fayyace tun farko cikin ladabi: “Malam, wannan kuɗin ƙungiya ne, amana ce a hannuna. In daga ribata ne, ga abin da ya samu.” Mata da yawa sun ga cewa in miji ya san ranar biya da yawan abin da ake bin matarsa tun ranar da ta ɗauko, ya fi kiyayewa.

Bashin da kike bayarwa

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, mai sana'a kuma ba ta iya cewa sam ba ta bayarwa. Abin da za ta iya shi ne ta sa masa iyaka. Ki yanke tun yau: cikin kowane kashi goma na jarina, ba zan bar sama da ɗaya ko biyu a hannun mutane ba. In iyakar ta cika, sai wani ya biya kafin wani ya ɗauka. Wanda bai biya na jiya ba, ba ya ɗaukar na yau, ko da ɗan ɗakinku ne. Ki rubuta a kayye, da boko ko da ajami. In ba ki rubutu, ɗanki na lakkol ya rubuta miki, ko ki yi zane a bango, kowane mai bashi da alamarsa. Ƙwaƙwalwa tana mantuwa, mai cin bashi kuma ya fi son ki manta.

Iyaka da naira

Mu da ke kudu, kasuwarmu ɗaure take da ta Najeriya. Maraɗi na kallon Jibiya da Katsina ta Ɗan Isa, Ƙonni na kallon Illela, Damagaram na kallon Daura da Maigatari da Kano. Alheri ne babba, amma haɗari ne da ba mu da iko a kansa. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamba 2020. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 an sake rufewa da takunkumin CEDEAO, har zuwa farkon 2024. A Oktoba 2024 kuma hukumomin ƙasarmu suka hana fitar da hatsi waje, in ba Mali da Burkina Faso ba. Duk wadda sana'arta gaba ɗaya ta rataya a kan hanya ɗaya, ta san abin da ta sha a waɗannan lokuta.

Ga kuma canji. A farkon 2023 jikka guda ta sefa ba ta kai naira 1,500 ba a wajen ƴan canji, amma cikin 2024 ta haura naira 2,000. Wadda ta saida kaya ta ajiye naira a ƙarƙashin katifa, kuɗinta ya narke tana barci. A farkon 2023 ɗin ne kuma aka yi canjin takardun naira, masu riƙe da tsofaffi a kasuwannin kan iyaka suka rasa mai karɓa. Uwayenmu ma suna tuna Janairu 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi dare ɗaya, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo.

Faɗuwar naira takobi ce mai kaifi biyu. Robobi, atamfa, taliya da sabulun da ke shigowa daga can suna yin sauƙi, to wadda ta cika ɗaki da tsohon sari mai tsada sai sabon kaya ya karya ta. Masu zuwa sayen bisashe da wake daga can kuma hannunsu ya yi rauni, farashi ya kwanta a wajenmu. Abin yi: in kin karɓi naira, ki canza ta ko ki maida ta kaya da wuri. In canji na rawa, ki saro kaɗan-kaɗan. Kuma ki haɗa da wata sana'a wadda kayanta da masu sayenta duk a garinku suke. Gida biyu maganin gobara.

Kayan da ke raguwa a ɗaki

Ajiya ba ta tsayawa yadda aka zuba ta. Ƴan'uwanmu na Galmi, Madawa da Ƙonni sun fi kowa sani: albasa tana faɗuwa warwas lokacin cira, ta yi tsada bayan watanni, amma a cikin rudu tana bushewa, tana tsira, tana ruɓewa. Buhu goma da kika zuba ba goma za ki kwashe ba. Wadda ta yi lissafin riba a kan goma ta yaudari kanta. Ki tambayi tsofaffin manoma nawa ke raguwa a garinku, ki cire shi tun farko, ki kuma riƙa shiga kina tsince ruɓaɓɓu kafin su shafi sauran.

Wake abokin gabarsa ƙwari ne. Buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, yana kashe su ta hanyar hana su iska, ba sai an zuba magani ba. Amma da sharaɗi: wake ya bushe sarai, a ɗaure kowace leda daban, kada a yi ta buɗewa ana ɗibar na girki, kada ɓera ya huda. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. Ambaliyar daminar 2024, wadda ta rushe gidaje masu yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram har da tsohon masallacin Birnin Zinder, ta nuna mana cewa ɗakin ƙasa ba wurin zuba dukan dukiya ba ne. In akwai hali, a raba ajiya wuri biyu.

Turka ma haka. Rago ɗaya mai tsada da ya cinye jarinki duka, in ciwo ya kama shi dare ɗaya kin tashi babu komai. Ƙanana biyu ko uku sun fi kwanciyar hankali. A yi musu allurar rigakafi, a ware sabon saye daga na gida na ƴan kwanaki, a sayi harawa da dusa tun suna araha. Ki tuna kuma Babbar Salla tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka watannin kiwon bana ba lalle su yi daidai da na shekaru biyar da suka wuce ba, tsadar abincin bisashe ma haka. Wadda ta riƙe rago har jajibiri tana jiran farashin ƙarshe, in kasuwa ta cika maƙil sai ta saida da hasara ko ta koma da shi gida ya ci gaba da cin kuɗi.

Sanin ranar saidawa

Saye ba shi da wuya, saidawa ce ke gwada zuciya. Farashi na hawa, ki ce bari ya ƙara. Ya fara sauka, ki ce zai dawo. Da yawa cikinmu muna tuna tsadar 2005, bayan fari da fara na 2004, sai muke zaton kowace shekara haka hatsi zai yi. Ba haka ba ne. In ruwa ya sauka da kyau, shuka ta yi kyau, masu rumbu sai su fito da tsohon hatsi. In OPVN ta fara saida cimaka a farashi mai rahusa, kasuwa ta kwanta. Kuma riƙe abinci ana jiran mutane su galabaita abu ne da addini da al'ada duk suka ƙi.

Maganin shi ne ki tsaida shawara tun ranar saye, lokacin da hankalinki ke kwance. Ki ce: in ya kai kaza, zan saida kashi ɗaya cikin uku in maida wani abu na uwar kuɗi. In ya ƙara, in saida na biyu. Na ukun in jira da shi, amma ba zai wuce wata kaza ba. Ki sa iyaka ta ƙasa ma: in ya faɗi zuwa kaza, zan saida in tsira da saura. Ki faɗa wa wata aminiyarki a ƙungiya don ta tuna miki ranar da kwaɗayi ya motsa.

Ga dalilin da ya sa ƙaramar hasara ta fi. In jikka 50 ta koma 45, ribar jikka 5 kike nema ki dawo, mako kaɗan ne. In ta koma 25, sai kin ninka abin da ya rage sau biyu, wannan kuwa aikin watanni ne. Wadda ta faɗi kuma ta ce sai ta rama yanzu-yanzu, ta ƙaro rance wani wuri ta zuba a abu ɗaya, ita ce ake ce wa garin neman gira ta rasa ido. Bayan faɗuwa a koma ƙarami, a hau a hankali.

Riba ta cikin waya

Yanzu wani sabon abu ya shigo ta WhatsApp da Facebook: “Zuba jikka 10, bayan mako biyu ki karɓi 20.” Wani lokaci ɗanki ne ko ƙaninki zai kawo miki, da zuciya ɗaya, ya nuna miki lambobi na hawa a waya. A Najeriya an yi MMM, wadda ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ta kulle kuɗin mutane a Disamba 2016, mutane masu ɗimbin yawa suka yi kuka. Irinta na sake fitowa da sabon suna. Na farko ana biyansu da kuɗin na baya, shi ya sa za ki ga maƙwabciya ta karɓa da gaske. Ki yi tambaya uku: mi suke saye, mi suke saidawa, ina shagonsu? In amsar ita ce ki kawo mutum biyu a ƙara miki, ki riƙe kuɗinki. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin akwati kuwa ko dala kada ya shiga nan.

Aikin ƙungiya

Horon kai ya fi sauƙi in akwai masu tayawa. Kafin a ba da rance, mai nema ta tashi ta faɗi abu huɗu: mi za ta saya, nawa zai tsaya mata da duk ɗawainiya, yaushe kuɗin zai dawo, da mi za ta biya in kasuwa ta ƙi. Ba tozartawa ba ne, gyara ne, kuma shugaba ma in ta zo nema haka za ta yi. Ƙungiyoyi da yawa ba su ba mace abin da ya wuce ninki uku na zubinta, wannan ƙa'ida ce mai kyau, kada kunya ta sa a karya ta.

A duba kuma inda kuɗin akwati ya tafi gaba ɗaya. In mata ashirin cikin talatin duk wake suka saya, ranar da wake ya faɗi ƙungiya ce ta faɗi. In mata takwas a unguwa ɗaya duk awara suke tuyawa, su ne ke karya junansu. A zauna a rarraba: wasu gyaɗa, wasu kayan miya, wasu kiwo, wasu ɗinki. Asusun taimako na ciwo, haihuwa da rasuwa a riƙa cika shi, don shi ne ke hana mace taɓa uwar kuɗi ranar da yaro ya kwanta.

Wadda kuma ta ga alamar faɗuwa, ta yi magana da wuri. Ɓoyewa da fashin taro ne ke maida ƙaramin rami rijiya. In ta faɗa tun da saura, ana iya sassauta mata lokaci, ko wata ta saye kayanta, ko a nuna mata kasuwar da ta fi. Mu kuma sauran mu riƙe bakinmu, abin da aka faɗa a kan tabarmar taro kada a tsince shi a bakin rijiya.

A taronku na wannan mako, bayan an gama zubi, ku ɗauki ɗan lokaci kowace ta lissafa sana'arta da baki: nawa ne uwar kuɗina yau, nawa ke hannun masu bashi, nawa ake bi na, wane abu ɗaya ne in ya faru zai durƙusar da ni? Wadda ta kasa amsawa, ƴan'uwa su taya ta, sakatariya ta rubuta. Bayan wata uku a sake dubawa a ga inda aka kwana. Mu yi namu, sannan mu dogara ga Allah. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mana jarinmu da zumuncinmu, amin.